Abin da masu koyon jita za su ɗauka daga Chuck Schuldiner

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin samarinmu na Samaru da Sabon Gari da suka fara riƙe jitar lantarki, suna bin kiɗan nan mai nauyi da ake kira death metal. Da yawansu sun ɗauka ƙure ƙarar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, shi ne kiɗan. Aikin Chuck Schuldiner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan salo, ya isa ya gyara musu zato.

An haife shi a Amurka ranar 13 ga Mayu 1967, ya tashi a jihar Fulorida. Yana ɗan shekara tara yayansa ya rasu, iyayensa suka saya masa jita ta ɗebe masa kewa. A 1983 ya kafa ƙungiyar Mantas, wadda daga baya ta koma Death. Faifansu na farko, Scream Bloody Gore, ya fito a 1987, ɗanye shar, gudu ne da ihu. Amma wanda ya saurari Human na 1991 ko Symbolic na 1995 zai ji hannu ya faɗa. Kowace tsirkiya tana fita sarai, waƙoƙin kuma sun bar zancen jini da gawa sun koma kan halin ɗan Adam.

Kayan aikinsa ba su da yawa: jita ƙirar B.C. Rich Stealth mai maganaɗisun ɗaukar sauti guda ɗaya, DiMarzio X2N, sai amfilifaya Marshall Valvestate a shekarunsa na baya. Yakan sauke tsirkiyoyin nan shida da mataki guda, daga E-A-D-G-B-E zuwa D-G-C-F-A-D (kowane harafi sunan sautin tsirkiya ɗaya ne), kuma a nan yaranmu ke fara tuntuɓe. In an sauke haka da siraran tsirkiyoyi masu lamba 9, sai su yi sako-sako, suna taɓa ƙarafan wuyan jita suna zuza, sauti ya kauce da zarar an kaɗa da ƙarfi. A sa masu lamba 10 ko 11. Canjin kauri yana canza jan da ke kan wuyan, saboda haka a duba sandar ƙarfen da ke cikinsa, a murɗa ta kwata guda kawai, a bar ta ta kwana kafin a ƙara. Hunturun Zariya ma ba ya raga wa katako, yakan busar da shi har bakin ƙarafan ya leƙo yana yankar yatsa. Jita ta riƙa kwana a akwatinta.

Nauyin sautin daga hannun dama yake fitowa. Ana ɗora gefen tafin hannu daidai kan jaki, inda tsirkiyoyi suka hau. In ya matsa gaba wajen wuyan jita da ko rabin inci ne, sautin ya mutu murus, in ya ja baya kuma ya buɗe ya zama hayaniya. Maɓallin da ke ƙara wa sauti kaushi ya tsaya wajen 5 ko 6 cikin 10, domin fiye da haka yana cakuɗa komai, ya kuma fito da ƙugin wutar janareta.

Gudu kuwa daga wuyan hannu ne, ba gwiwar hannu ba. A samu roban kaɗawa mai kaurin milimita ɗaya ko fiye, a saita na'urar ƙidayar bugu a waya kan 80 a minti, kaɗi huɗu kowane bugu, a riƙa ƙara biyar-biyar, amma sai in ya fita tsaf. Wanda ya taɓa lura da yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ke sarrafa tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya san abin da muke nufi. Hannu ya fara zafi, a ajiye, kada a jawo wa jijiya ciwo.

Ƙarshen Schuldiner yana taɓa mana zuciya. A 1999 likitoci suka gano ciwon daji a ƙwaƙwalwarsa, aka yi masa tiyata a farkon 2000. Kuɗin asibiti ya fi ƙarfin iyalinsa, sai da makaɗa da masoya suka yi ta haɗa gudummawa. Ya rasu ranar 13 ga Disamba 2001 yana da shekara 34, ya bar faifai bakwai da sunan Death.

Daga wasu masu koyar da jita da gyaranta,
Sabon Gari, Zariya.