Fari ba a gona kaɗai yake tsayawa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana kan fari da tsadar abinci, musamman yadda hukumomi ba sa tunawa da shi sai kwanon gero ya fi ƙarfin talaka.

Duk wanda ya taɓa noma ya san cewa ba jimillar ruwan shekara ce kaɗai abin dubawa ba, lokacin da ruwan ya ɗauke shi ne maganar. Idan ya ɗauke kwana 15 ko 20 a daidai lokacin da gero ya ɗauki ciki, ko masara ta fara goyo, za ka ga ganye ya nannaɗe tun da hantsi, kuma ko ruwan ya dawo daga baya, zangarniya takan fito da ƙwaya tsilla-tsilla. Gonar da ta saba ba da dami 40 sai ta tsaya a 15. 'Yan kasuwa kuwa ba sa jiran girbi. Da an ji ana fita sallar roƙon ruwa a garuruwa da yawa lokaci guda, mai hatsi zai rufe rumbunsa, farashi ya fara tashi daga babbar kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano har ƙananan kasuwannin ƙauye, alhali ko dami ɗaya ba a yanka ba.

Abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar a 2005 ya isa darasi. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, farin dango kuma suka afka wa wasu yankuna, aka ƙiyasta giɓin hatsi da kimanin tan 223,000. Wannan giɓi bai kai ya jefa ƙasa cikin irin halin da aka gani ba, amma da yake an sami ƙarancin amfani a maƙwabta ma, hatsi ya bi inda kuɗi yake, buhun gero ya ninka kuɗinsa har ya wuce. A lokaci guda dabbobi suka rame saboda rashin ciyawa, darajarsu ta faɗi, har ya zama magidancin da a da zai sayar da akuya ɗaya ya ciyar da gidansa sai ya kai biyu ko uku kasuwa. Jihar Maraɗi, wadda ake yi wa kallon rumbun ƙasar, tana cikin inda abin ya fi muni. Mutane sun koma cin anza da tafasa, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a waccan shekara. Hatsi yana jibge a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manomin da ya noma abincin shi ne farkon shan wahala. Da kaka yakan sayar da araha domin ya biya bashin taki da hidimar gida, sannan a tsakiyar damina ya dawo ya sayi wannan hatsin da tsada, a lokacin da ya fi bukatar ƙarfin yin noma.

Saboda haka nake kira ga gwamnatocin jihohinmu na Arewa su riƙa sayen hatsi da kaka a farashi mai kyau, su adana shi a matakin ƙaramar hukuma, su fito da shi a kwano-kwano tsakanin Yuni da Agusta, ba a buhu-buhu ga dillalai ba. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara ya kamata a riƙa karanta shi da Hausa a gidajen rediyo, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT, da waɗanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya take samarwa, a kai su kasuwannin ƙauye tun watan Afrilu, kafin ruwan shuka ya sauka.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Jibiya, Jihar Katsina