Wata 6 ne kacal, a faɗa wa mutanen Zango

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, kuma shirinku na Hausa ba ya wuce ni. Roƙo ne ya kawo ni: ku gayyato lauya ya yi wa mutanen Zango bayanin yadda ake kai hukumar gari kotu idan ta ce za ta rushe wuri ta sake gini.

Bara muka wayi gari da jan fenti a bangon shagunan layinmu, wai mu kwashe. Sai muka yi abin da muka saba. Muka je gaban sarki, muka bi ɗan siyasa, kowa na cewa mu yi haƙuri, ana magana da na sama. Azumi ya zo ya wuce, Layya ma haka. Ranar da muka haɗa kuɗi muka je wurin lauya, sai ya ƙirga watanni da yatsunsa, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ina kuka shiga?" Ashe ƙa'idojin Babbar Kotu na 2004 wata 6 suka ba wanda yake son alƙali ya sake duba hukuncin wata hukuma. Mu kuwa mun cinye namu a zaure muna shan shayi.

A wurinsa na fara jin cewa sashe na 23 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa hukumomi yin adalci da bin doka, kuma wanda aka cuta yana da haƙƙin zuwa kotu. Sashe na 20 kuma ya yi maganar diyya idan gwamnati ta karɓe dukiyar mutum.

Ban ce kotu maganin komai ba ce. Mutanen unguwar Old Fadama ta Accra sun je kotu a 2002 don a hana tashinsu, alƙali bai ba su ba, domin filin ba nasu ba ne a takarda. Takarda ita ce maganar. Ni kaina rasit ɗin kuɗin shago na shekaru a ƙarƙashin keken ɗinki nake cusa su, rabi ruwan sama ya jiƙe su, rabi gara ta ci.

Kun ga yadda aka kwashe 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie ta Accra zuwa Adjen Kotoku da ke wajen gari a 2021, gobe ba a san layin wa ba ne. Don Allah ku sa shirin bayan sallar Isha, ku buɗe waya, a kuma faɗa mana yadda mara hali zai sami lauyan gwamnati na kyauta. Zan saurara daga barandar ƙanena, inda kekena yake yanzu.

Naku,
Mai sauraro daga Nima, Accra