Sanarwa ga Shugabannin Makarantu kan Makon Farko na Zango

Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwa shugabanni, barkanmu da dawowa hutu.

Ina roƙon mu sa ido sosai kan darasin farko na safe. Rijistar zuwan malamai da ke ofis ba ta isa shaida ba. Malami kan sa hannu ƙarfe 7:45, ya koma gindin darbejiya har a tashi tara, yara na ta hayaniya, allo fes babu ko kwanan wata. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Don Allah da an watse daga taron safe, a bar kujera a zaga azuzuwa da ƙafa. Ajin da aka tarar ba malami a shiga a riƙe shi, daga baya a kira mai ajin a yi magana a keɓe. Kada a yi masa faɗa gaban ɗalibai, in mutuncinsa ya zube ajin ma ya kuɓuce masa.

Masu ƴan SS3, a harhaɗa makin gwajin aji tun daga SS1, WAEC na buƙatarsa.

A kuma kira taron SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da wuri, a sa mai unguwa da wakiliyar mata cikin maganar rufin da damina ta yaye.

Allah ya yi mana jagora.