Dabbar da aka fid da rai da ita: ƙaramar bindiga ba ita ce mafita ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in amsa wata tambaya a bainar jama'a, saboda na lura cewa ba mutum ɗaya take damu ba. Bayan hawan sallar da ta wuce, wani matashi mai kiwon dawaki ya same ni a gida ya ce: "Baba Likita, yaya ake sayen ƙaramar bindiga irin wadda Turawa suke hutar da doki da ita idan ya karye?" Dokinsa ne ya faɗi a guje ya karya ƙafar gaba, ƙashi ya huda fata ya fito, aka yi kwana uku ana ɗori yana kwancewa, har ya mutu yana shure-shure a barga. Niyyar yaron nan kyakkyawa ce, kuma ni da na yi fiye da shekara talatin ina aikin likitan dabbobi na san zafin da yake ji, amma na ce masa ya cire maganar bindiga daga ransa. Ga dalilaina.

Da farko dai, matsalar da ta sa shi tambaya gaskiya ce. Saniya ko rago ko raƙumi idan suka yi hatsari ba a daɗe ana shawara, domin akan kira mahauci ya yanka kafin su zama mushe, mai dabba ya rage asara, ita kuma ta huta. Waɗanda ake bari cikin azaba su ne dabbobin da ba mu cin namansu, wato doki da jaki da alfadari da kare. Ba sau ɗaya ba na ga jakin da mota ta buge an ja shi gefen titi an tafi, yana raye, rana tana dukansa, ƙudaje sun rufe masa ido. Doki kuwa karayarsa ba irin ta mutum ba ce. Nauyinsa ya haura kilo 300, ba ya iya kwanciya na makonni, ba ya haƙuri da ɗauri, kuma idan ya jingina nauyinsa a kan lafiyayyiyar ƙafar, sai kofaton wannan ma ya kamu da kumburi mai tsanani. Akwai karayar da take ɗoruwa, ba na musun wannan, amma idan dogon ƙashi ya farfashe ya huda fata, abin da ya rage kawai shi ne yawan kwanakin wahala.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a nan ba. Hadisi ya inganta cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kome, idan za a kashe a kyautata kisan, idan za a yanka a kyautata yankan, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Malaman Malikiyya kuma sun halatta a yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, domin a hutar da ita. Saboda haka masu cewa "a bar shi Allah ya yi ikonsa" su sani cewa wannan ba shi ne kaɗai abin da fiƙihu ya ba da dama ba.

Sai batun Turawan da matashin nan ya ambata, waɗanda ya gani a bidiyo. A Birtaniya ne wannan al'ada ta fi tsari, kuma abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne irin shingen da ke kewaye da ita. A ranar 13 ga Maris, 1996, wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Sikotland da ƙananan bindigogin da yake da lasisinsu, ya kashe yara 16 da malamarsu. A 1997 majalisar ƙasar ta hana farar hula mallakar ƙananan bindigogi a Ingila da Sikotland da Wales, ta bar 'yan ƙofofi kaɗan, ɗaya daga ciki ita ce ta hutar da dabbobi. Wanda yake so ya bi ta wannan ƙofa, yawanci likitan dabbobi ne, ko mai kwashe gawar dabbobi daga gonaki, ko mai kula da barewa a daji. Dole ne ya gamsar da 'yan sandan yankinsa cewa aikinsa yana bukatar ta a kai a kai, ya kawo mutum biyu da za su shaide shi, a bincika lafiyarsa wurin likitansa, a je gidansa a ga akwatin ƙarfen da zai kulle ta, sannan a rubuta a takardar lasisin cewa wannan aiki kaɗai aka yarje masa. Lasisin shekara 5 yake yi, a sake bincike. Wanda aka kama da irin wannan bindiga ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa idan baligi ne ɗaurin shekara 5.

Zaɓen bindigar ma ba na sha'awa ba ne. Wadda aka fi sani a wannan aiki ita ce mai lamba .32, wato faɗin harsashinta kusan milimita 8, sau da yawa mai cin harsashi ɗaya, ko libarbar da aka toshe ramukanta aka bar biyu kawai, kamar yadda 'yan sandan wurare da dama suke shardantawa. Hikimar ita ce a bar ta da amfani ga dabbar da ke kwance a gabanka, ta rasa amfani ga ɗan fashi. Ƙungiyar kyautata yankan dabbobi ta Birtaniya, Humane Slaughter Association, wadda aka kafa a 1911, tana koyar da wannan aiki, kuma ba ta ɓoye haɗarinsa. Ƙwaƙwalwar doki ƙarama ce idan aka kwatanta da girman kansa, tana can sama, kuma wanda bai koya ba yakan harba tsakanin idanu, ya fasa hanci da muƙamuƙi, ya bar dabbar da rai cikin azabar da ta fi ta farko. Harsashi kuma yana iya ratsawa ya fita, ko ya daki siminti ya dawo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yara da manya suke yin dafifi a kan dokin da ya faɗi a filin hawa ko filin sukuwa, ya san cewa babu wurin da za a ce babu mutum a bayansa.

A Nijeriya ma dokar ta riga ta yanke magana. Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna cikin gida na farko, na haramtattu, tare da bindigogin soja, kuma ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Gida na biyu shi ne wanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisinsa, na uku kuma irin su bindigar toka. Saboda haka makiyayin da ya ce zai sayi fistol, a zahiri wurin masu safarar makamai zai je, ya miƙa kuɗinsa ga mutanen da suke sayar wa waɗanda suka hana Zamfara da Katsina da Sakkwato barci. Idan aka kama shi, ba wanda zai saurari labarin dokinsa. Idan ba a kama shi ba, ya ajiye a gida abin da zai yi amfani da shi sau ɗaya a shekara goma, alhali kullum yana kwana ɗaki ɗaya da yara da fushin zuciya da ɓarawo.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cewa wannan doka ta 1959, a gida na biyu, ta ambaci wani kayan aiki da sunansa, wato bindiga mai ƙusa a ɗaure. Ba ta fitar da harsashi. Albarushi ne yake tura wata ƙusar ƙarfe ta fito 'yan santimita ta shiga ƙoƙon kai, sannan ta koma cikin bututun, don haka ba ta isa ga wanda ke tsaye a nesa, kuma ba ta da wani amfani ga mai tare hanya. Dabbar takan fita hayyacinta nan take, sai a bi da yanka ba tare da jinkiri ba domin kada ta farfaɗo. A Birtaniya ba a ma neman lasisin bindiga kafin a mallake ta. (Ba maganar sumar da dabbar nama kafin yanka a kwata nake yi ba, wannan wata muhawara ce ta daban da ke hannun malamai.) Akwai kuma allurar da take tsayar da numfashi da bugun zuciya cikin barci, wadda ita ce na fi so ga doki da kare. Sharaɗinta shi ne likita ya yi ta, kuma a binne gawar da zurfi, domin naman ya zama guba ga karnuka da ungulaye, ga shi ungulun ma ta kusa ƙarewa a garuruwanmu.

Karen da ake zargi da hauka yana da nasa hukunci. Bai kamata a fasa masa kai ba, da harsashi ko da sanda, domin ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa a ɗakin bincike, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Wanda karen ya ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira sakamako.

Roƙona ga ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi shi ne su nema wa manyan asibitocinsu bindiga mai ƙusa ta hanyar da doka ta tanada, su ajiye allurar nan a kulle, su horar da aƙalla mutum biyu a kowane asibiti, su kuma fitar da lambar wayar da za a kira dare da rana. Masarautu da masu shirya sukuwa da ƙwallon dawaki su tabbatar likita yana tsaye a fili da kayansa, da labulen da za a kare dabbar daga idon jama'a, tun kafin a saki linzami na farko. Tsangayoyin koyar da likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri su ba wannan darasi lokacin da ya cancanta, domin na sha haɗuwa da matashin likita da ya iya tiyata amma bai iya gaya wa mai doki cewa lokaci ya yi ba.

Shi kuwa matashin da ya zo mini, na ba shi lambata, na ce idan haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, ya kira ni kafin ya kira maɗori, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Wassalam.

Likitan dabbobi mai ritaya,
Zariya.