Kafin yaro ya zaɓi darasin kwamfuta a gaya masa gaskiya

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan zaɓen darussa da yara ke yi a babbar sakandare, musamman kimiyyar kwamfuta, don na gaji da jin iyaye suna cewa ai wane ya iya waya sosai a tura shi kwamfuta kawai. Iya latse-latsen waya daban, wannan darasi daban wallahi. Na daɗe ina koyar da shi kuma duk shekara sai na ga waɗanda suka shigo da zumuɗi suna zaton gem za a yi ta bugawa ko Facebook za a shiga, kafin sati uku sun fara neman hanyar guduwa.

Ni ranar farko ko kunna kwamfutar ba ma yi. Sai in ce wani ya riƙe lamba a ransa daga 1 zuwa 1000, zan gano ta cikin tambaya 10, shi dai ya ce min sama ko ƙasa. In ce 500 ya ce ƙasa, in ce 250 ya ce sama, haka haka, kowace tambaya tana zubar da rabin abin da ya rage, kuma ko miliyan ɗaya ce tambaya 20 ta isa, nan za ka ga ajin ya yi tsit wasu har suna cewa siddabaru ne. To wannan tsarin bi daki-daki shi ake kira algoridim, sunan ma daga Al-Khawarizmi ya samo asali, malamin lissafin nan da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Yaron da idonsa ya buɗe a wannan wasan, shi ne ɗan darasin.

Sai kuma haƙuri, wanda ba a faɗa wa kowa. Muna koyar da Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni da Guido van Rossum ya fitar a 1991, ana cewa mai sauƙi ne, eh mai sauƙi ne amma ka manta ɗigo biyu a ƙarshen layi shikenan ya ƙi tashi. Akwai wata ɗalibata da ta kusa kuka tana neman kuskuren da bai wuce haka ba, na hana kowa ya nuna mata, da ta gano da kanta ihun da ta yi sai da aka leƙo daga ajin kusa. Masu cewa ba na mata ba ne kuwa su je su karanta labarin Ada Lovelace, 'yar Ingila, da algoridim ɗin da ta rubuta wa injin lissafi tun 1843.

Lissafi ba sai yaro ya zama gwani ba amma kar ya zama mai tsoronsa. Kuma masu cewa ai yanzu ChatGPT ke rubuta komai, to in ya rubuta shirme wa zai gane?

Roƙona ga iyaye, akwai Scratch, yaren koya wa yara rubuta wa kwamfuta umarni, da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ne, ku bar yaro ya gwada shi sati biyu kafin ya cike fom. Makarantu kuma don Allah ku riƙa nuna wa iyaye manhajar darasin tun kafin zaɓe, ku faɗa musu kwamfuta nawa ke aiki a ɗakin, ba nawa aka jera ba.

Naku,
Wani malamin sakandare