Rahoton Kwamitin Iyali Kan Gyaran Daɓen Katakon Benen Gidan Gado

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, na gida da na nesa, wannan shi ne bayanin kwamitin da taron iyali ya ɗora wa nauyin gyara daɓen katakon da ke saman benen gidanmu na Gangare a Jos. An kammala aikin, mutanen sama sun koma ɗakunansu, kuma ya zama wajibi mu faɗi abin da muka tarar, da abin da muka yi, da dalilin da ya sa muka saɓa wa shawarar wasu daga cikin manyanmu a wurare biyu.

Kowa ya san gidan ya daɗe. Kakanninmu sun gina shi a zamanin da haƙar kuza ke jawo mutane zuwa Jos daga ko'ina, bayan ƙaramin jirgin ƙasa na Bauci ya haɗa garin da Zariya a 1914, kuma a wancan lokacin mai son bene katako yake shimfiɗawa a kan jigajigan da aka soke kawunansu cikin bango. Haka namu yake: ɗakuna uku da baranda, duk a kan jigajigan katako, an jera alluna a kansu. Koken da ya kawo kafa kwamitin shi ne daɓen ɗakin Gwaggo yana motsi idan an taka, kuma gari mai laushi yana zubowa a ɗakin da ke ƙarƙashinsa.

Shawarar farko da aka kawo a taro ita ce a cire katakon gaba ɗaya a zuba kankare, a huta. Mun ɗauke ta da muhimmanci, domin Baba Babba ne ya kawo ta, amma injiniyan da muka gayyata ya yi mana lissafin da ya rufe maganar. Kankare mai ƙarfe a ciki yana da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda ke nufin daɓen kankare mai kaurin santimita 15 zai ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, alhali allon katakon loko mai kaurin inci 1 bai wuce kilo 17 ba a kowace murabba'in mita. Bangon ƙasan gidan da harsashinsa ba a yi su don ɗaukar irin wannan kaya ba, sai dai a kafa sababbin ginshiƙai tun daga ƙasa, wato a sake gina rabin gidan. Da muka kai wa Baba wannan bayani, ya amince a gyara katakon.

Da aka ɗaga ledar da aka shimfiɗa a ɗakunan shekarun baya, sai muka ga abin da ba mu zata ba. Tsofaffin allunan, waɗanda yawancinsu loko ne da ɗan madaci, suna nan da ƙarfinsu in ban da wurare biyu. Na farko shi ne gefen bangon gabas, inda kwanon rufi ya daɗe yana yoyo kuma ruwan damina ke bugawa, ya jiƙa bangon har kawunan jigajigai 5 suka ruɓe a cikinsa, gara kuma ta bi danshin ta gina hanyarta daga ƙasa ta cikin tsagar bango. Na biyu shi ne wani facin da aka taɓa yi da farin katako mai taushi irin su obece, wanda ƙwari suka cinye cikinsa suka bar fata kawai, kuma daga nan garin nan yake zubowa. Ledar kanta tana da nata laifin, domin duk ruwan mopa da ya bi ta gefenta ya shiga ƙasa ba ya samun hanyar bushewa, shi ya sa allunan da ke bakin ƙofa suka yi baƙi suka lotsa a tsakiya. A taƙaice ruwa ne ya fi ɓata daɓen, tsufa bai yi masa komai ba, kuma da an toshe yoyon nan tun farko da ba mu kashe ko sulusin abin da muka kashe ba.

Saboda haka muka fara da rufi kafin a taɓa daɓe. An sauya kwanon da ya huje, an sa indararo mai kai ruwa nesa da gindin bango, an fasa hanyoyin gara, an zuba magani a ramukan da aka haƙa a gindin bangon gabas. Jigajigai 3 daga cikin 5 an sauya su ɗungurungum. Sauran biyun an yanke ruɓaɓɓen kai, aka haɗa musu sabon katako tu-bai-siks, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 6, a gefe, aka ɗaure da noti mai ratsawa. Wani ya ba da shawarar a shafa musu baƙin mai kamar yadda ake yi wa katakon rufi, amma kwamiti bai yarda ba saboda wari da tabon da yake fitarwa ta cikin allo a ɗakin kwana, sai muka yi amfani da Solignum, maganin kare katako daga gara da ruɓewa, a jikin jigajigan kawai. Kowane kai da ya shiga bango an naɗe shi da baƙar takardar hana danshi, an kuma bar masa 'yar kafar iska, maimakon a liƙe shi da siminti kamar da.

Zaɓen sababbin alluna shi ne ya fi ɗaukar mana lokaci. Mun je Kasuwar Katako da ke Laranto sau uku tare da kafintanmu, kuma muka tsaya a kan loko, wanda 'yan kudu ke kira iroko, saboda zuciyarsa ba ta yi wa gara daɗi kuma shi ne asalin abin da ke ɗakunan. Duk allon da ke da farin gefe mun mayar da shi, domin wannan farin ɓangaren ba shi da kariyar da zuciyar take da ita. Loko yana da wahalar aiki: wani lokaci akwai 'yan duwatsu a cikinsa masu dakushe zarto, ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, shi ya sa muka sayo wa ma'aikata takunkumi muka kuma hana yara hawa sama.

A nan ne saɓani na biyu ya taso. Katakon ya iso a watan Agusta, damina tana tsaka, kuma 'yan uwa da yawa sun so a buga shi nan take don Gwaggo ta bar ɗakin aro. Kafintan ya ƙi, kwamiti kuma ya goyi bayansa. Katako yana shan danshin iska ya kumbura, yana kuma sakinsa ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake yin wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A Jos, inda damina ke farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba sannan hunturu ya busar da komai, tazarar tana da girma ƙwarai. Allon da aka buga a Agusta zai bar tsagar da tsintsiya ke shiga kafin Janairu, wanda kuma aka matse a tsakiyar hunturu zai tokare ɗan uwansa da damina har daɓen ya yi tudu. Don haka aka jera allunan a ɗakin da za a buga su, an sa 'yan siraran katako a tsakaninsu iska na ratsawa, aka bar su har ruwa ya ɗauke, aka fara bugu a farkon Nuwamba. Mun san jinkirin ya ɓata wa wasu rai, muna neman afuwa, amma har yanzu muna ganin daidai ne.

An fere gefen allunan mace da namiji yadda kowane ke shiga cikin na kusa da shi, an huda kafin a sa ƙusa don kada katakon ya tsage, kuma ta cikin harshen, wato gefen namijin, aka soke ƙusoshin yadda ba a ganin kansu a sama. Tsakanin daɓe da bango an bar tazarar kusan santimita 1 a kowane gefe, katakon gindin bango ya rufe ta. Muna roƙon kada wani ya ga wannan kafa nan gaba ya ɗauka mantuwa ce ya cusa mata siminti. Tsofaffin allunan da ke ƙara idan an taka an ɗaure su da sukuru a kan jigajigansu, kuma duk wanda aka cire yana da lafiya an mayar da shi, har muka ƙare da sababbin alluna ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na daɓen.

Gogewa da injin haya aka yi ta, da janareto, domin wuta ba ta tsayawa. An fara da samfefa mai lamba 40 don cire tsohon fenti da daidaita tudu, aka bi da 60 da 80, aka ƙare da 120, ana bin tsawon katako a zagayen ƙarshe, gefuna da kusurwoyi kuma da hannu. Nan muka yi kuskure guda wanda ya kamata mu faɗa. Loko yana da wani maiƙo a jikinsa mai hana banish, wato man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, bushewa, kuma shafin farko da aka yi a ɗakin yamma ya kwana uku yana danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa. Dole aka sake goge ɗakin, aka share katakon da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, sannan aka yi shafi uku marasa kauri, ana barin kowane ya bushe a goge shi sama-sama kafin na gaba, tagogi a rufe da jiƙaƙƙen buhu a bakin ƙofa. Wannan ya ƙara mana mako guda da kuɗin banish galan ɗaya, kuma laifin kwamiti ne da bai gwada a ɗan gutsure ba tukuna. Masu tambayar dalilin da ya sa sababbin alluna suka fi tsofaffi haske su kwantar da hankalinsu, domin loko rawaya-rawaya yake fitowa daga injin, haske ne ke mayar da shi ruwan ƙasa a hankali.

Game da kuɗi, ma'aji ya riƙe rasit na komai, kuma cikakken lissafi yana hannunsa ga duk mai son dubawa. Katako ya ci kaso mafi girma, ladan ma'aikata ya biyo baya, sannan gyaran rufi. An ɗan wuce abin da aka ƙiyasta saboda jigajigan da ba a san sun ruɓe ba sai da aka buɗe, kuma 'yan uwanmu na Kaduna da Kano ne suka cike giɓin, Allah ya saka musu da alheri.

Abin da muke roƙon mazauna sama, musamman iyayenmu mata da yaran da ke taya su aiki, shi ne a daina watsa ruwa ana wanke daɓen kamar na siminti. Shara da tsintsiya mai laushi ta isa, sai tsumma da aka matse sosai idan an ga tabo, kuma ruwan da ya zube a goge shi nan take. Kada a mayar da leda. Tabarma ko darduma da ake ɗagawa a kakkaɓe ba su da illa. Buta da bokiti su zauna a baranda a kan faranti, gawayin turare da kaskon jin ɗumi na hunturu kuma a kan bulo ko tasa mai kauri. An manna 'yan tsumma a ƙafafun gadaje da kujeru, a ɗaga kaya idan za a kawar da su. Tsakuwar da takalmi ke kwasowa ita ce ke cin banish fiye da komai, don haka aka sa matakin share ƙafa a gindin matakala.

Saura abubuwa biyu da ba mu yi ba. Matakalar katako tana da taka 2 masu rawa waɗanda kuɗi bai kai gare su ba, mun tokare su na wucin gadi, kuma muna ba taro shawarar ya saka su a gudummawar gaba. Sannan kwamiti yana neman a bar mutum biyu daga cikinsa su hau su duba bangon gabas da kawunan jigajigai bayan ruwan farko na Afrilu, su sake dubawa a Agusta, domin sai daɓen ya ga damina guda cikakkiya za a san ko tazarar da aka bari a gefen bango ta wadatar.