Wasiƙa ga Abba kan Maganar Barin Karatu

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mamarka ta karanta min saƙonka, ni ma na karɓi wayar na sake karantawa da idona. Ka ce kana so ka ajiye karatu ka koma rubuta labarin fim, hujjarka kuma ita ce Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila, shi ma bai yi jami'a ba. Ban yi fushi ba. Amma tunda mutumin da na yi shekaru ina koyar da littattafansa ka ɗauko a matsayin shaida, dole ka bari in yi wa shaidar taka tambayoyi.

Gaskiya ne, bai yi jami'a ba. A garin Stratford aka haife shi a 1564. Mahaifinsa John baduku ne mai ɗinka safar hannu, ya yi arziki har ya shugabanci garin a 1568, daga baya bashi ya karya shi. Sai dai makarantar da yaran garin ke zuwa a zamanin ba ta wasa ba ce. Tun sassafe ake shiga, sai yamma lis a tashi, kwana shida a mako, ana haddar Latin, ana fassara, ana koyon jera hujja a magana. Abokinsa Ben Jonson ya taɓa cewa Latin ɗinsa kaɗan ne, to amma kaɗan ɗin wancan zamani ya ishe shi karanta Ovid, mawaƙin tsohuwar Rum.

Kuma bai daina karatu ba da ya shiga Landan. Kusan duk labaransa aro ne. Macbeth da sarakunan Ingila daga littafin tarihin Holinshed ya ɗebo su, mutanen Rum kuma daga littafin Plutarch, marubucin Girka na dā, fassarar Thomas North ta 1579. Ka ɗauki Julius Caesar, wanda na san ka karanta. Abin da Plutarch ya faɗa game da jana'izar Kaisar (wato Caesar) gajere ne: Antony, abokin Kaisar, ya yi jawabi, ya ɗaga rigar Kaisar da jini da hudojin wuƙa, jama'a suka harzuƙa. Shakespeare ne ya zauna ya gina jawabin. Antony ya hau mumbari da izinin waɗanda suka yi kisan, jama'a kuma suna goyon bayansu. Bai zagi kowa ba. Sai ya riƙa maimaita cewa Brutus, jigo a cikin makasan, mutumin kirki ne, kowane karo yana ɗora maganar a kan wani alherin Kaisar, har kalmar ta yi tsami a kunnen masu sauraro. Ya ambaci wasiyyar Kaisar, ya ƙi karantawa, su da kansu suka roƙe shi. Wanda bai koyi yadda ake juya taro da magana ba, ba zai rubuta wannan ba, komai baiwarsa. In kana da shafi ɗaya mai irin wannan aiki a cikin abin da ka rubuta, ina so in gani.

Ba zan ɓoye maka abin da ke goyon bayanka ba. A 1592 wani marubuci, Robert Greene, mai digirin Cambridge, ya yi masa habaici a rubuce, ya kira shi hankaka mai ado da gashin wasu. Greene ya mutu a shekarar cikin talauci, yau kuwa galibi saboda wannan habaicin ake tuna shi. Don haka ban ce takarda ce ke yin marubuci ba.

Abin da nake so ka duba shi ne yadda mutumin ya ci abinci. Ya yi aure yana ɗan shekara 18, kafin ya cika 21 yana da 'ya'ya uku. Bai dogara da sayar da rubutu ba, domin wanda ya sayar da wasa a lokacin, an biya shi sau ɗaya an gama. Shi ɗan wasa ne, kuma daga 1594 mai hannun jari ne a ƙungiyarsu. Da suka gina gidan wasa na Globe a 1599 yana cikin masu shi, kowane ɗan kallo da ya biya kobonsa a ƙofa akwai rabonsa a ciki. Da annoba ta sa aka rufe gidajen wasa wajen 1593, ya koma rubuta dogayen waƙoƙi. A 1597 ya sayi ɗaya daga cikin manyan gidajen Stratford. Kai wa zai biya ka, nawa, kuma in fim ɗin ya karɓu, me zai shigo hannunka? Ka tambayi duk wanda ya yi maka alkawarin biya, ka ce ya rubuta a takarda. In ya fara kame-kame ka samu amsa.

Sai maganar abokan tafiya. Ya rasu a 1616 bai tattara wasanninsa ba. Abokan aikinsa biyu, Heminges da Condell, su suka haɗa 36 suka buga a 1623, kuma 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba kafin nan. Da ba don su ba, da wuya a ce Macbeth ya iso gare mu, balle wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Waɗanda kake zama da su yanzu, akwai mai adana maka takarda ko ta mako guda?

Shawarata, ka ƙarasa shekara biyun da suka rage. Ɗakin karatun da kake wucewa kullum ya fi duk abin da mutumin Stratford ya taɓa samu. Ka shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, ka ji yadda rubutunka ke fita daga bakin wani, nan za ka gane layin da ya mutu. Ka yi rubutun fim ɗinka a hutu, ni zan saya maka data.

Ka turo min labarin da ka gama kafin Juma'a, zan bi shi da jan biro kamar na kowa. Kuɗin rajista na tura wa yayarka, ka kira ta. Mamarka tana gaishe ka, ta ce ka daina kwana da yunwa. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka